Yadda Za Ka Shuka Ciyawa da Gangan a Tambuwal

Ka ga shimfiɗar koriyar ciyawa a gidan surukanka na Abuja. Yanzu sun ce za su zo ganin sabon gidanka na Tambuwal, ga tsakar gidan jar ƙasa fetal. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka ba za ka ji kunya ba.

1. Zaɓen iri

Gamba za ta fi ka tsawo. Ƙarangiya kyauta take fitowa, amma surukarka leshi take sawa. Saura kirikiri, wadda kakanninka suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen kashe ta a gona. Ita za ka ɗauka.

2. Sayen iri

Kada ka tambaya a kasuwar Dogon Daji. Wani ya gwada, mai iri ya ce masa, "Irin haki? Alhaji, taho gonata ka kwashe duka, har fura in ba ka." Yi oda daga Legas, cikin kwali mai hoton Bature. Masana sun tabbatar tsadar ce ke raba ta da ciyawar bayan gari.

3. Ban ruwa

Safe da yamma. Idan maƙwabcinka Malam Tambaya ya leƙo ta katanga ya ce, "Mi kaka shukawa, albasa?" ka ce bincike ne. Ba a ja da mai bincike.

4. Awaki

Kada ka tsane su. Duk unguwar su kaɗai suka fahimci darajar aikinka. Amma ka rufe ƙofa.

5. Tarbo baƙi

Fili ya yi kore shar. Tafi Sakkwato ka ɗauko surukai, ka cika su da labarinsa a mota. Da kun shigo za ka tarar da ƙanen mahaifinka, Baffa Ɗangiwa, da majiya ƙarfin dangi, kowa da fartanya a kafaɗa, zufa na zuba.

"Ɗana, mun ji surukai na tafe, shi ya sa munka yi maka gayya. Ina amfaninmu a iske gidanka ya koma kango? Duba, ko tsinke ba mu bari ba."

Surukinka yana tsaye yana kallon jar ƙasa. Durƙusa ka yi godiya. Ka raba goro.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin iri, ruwa ko mutuncin kowa ba. Mai ƙorafi ya samu Baffa Ɗangiwa, amma ya yi sammako, domin ya ce kirikiri ba ta mutuwa da noma ɗaya, jibi zai dawo da maganin feshi.