Rumfar da Na Shuka wa Inna

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta tare a gidanmu ba. Har yau in na tuna sai na ji hannuna ya kai kan kuncina.

Ni haihuwar birnin Kano ce, a gidan siminti na tashi, ban san ganye ba sai wanda aka yanka a miya. Aiki ne ya kai maigidana Tudun Wada, muka yi ɗan gini a bayan gari. Da mahaifinsa ya rasu sai aka ce mahaifiyarsa, Inna, ta baro ƙauyensu na wajen Yako ta dawo wurinmu, domin idonta ya yi yana, ba ta gani sai dishi-dishi. Inna ba ta so. Ta ce ita da ta tsufa a gindin lallenta da zogalenta, me za ta yi a gidan da babu ko ganye? Da ƙyar ta yarda za ta zo bayan kaka ta gwada, in bai yi mata ba ta koma. Tun rasuwar kuma babu wanda ya sake jin dariyarta. Abin ya tsaya mini a rai, na ƙudura sai na yi mata inuwar da za ta sa ta zauna.

Na fara da furannin da na sayo a Kano cikin baƙaƙen ledoji. Rana ta kashe rabi, akuyar maƙwabta ta ƙarasa sauran. Sai na ji a rediyo ana cewa tsiron dajinmu ya fi jure wa ƙasarmu, na ce shi ke nan, na samu ilimi.

Wata rana muna dawowa daga biki a Doguwa motarmu ta yi faci. Kowa ya nemi inuwa, ni kuwa idona ya faɗa kan wani yaɗo da ya naɗe bishiya, furanninsa shunayya suna reto gungu-gungu. Ban tambayi kowa ba (ka san mai sabon ilimi ba ya tambaya). Na tono ƙananan da ke gindinsa da cokalin da ke jakata, na ƙunshe a leda.

Na dasa su jikin rumfar da muka kafa a ƙofar ɗakin Inna. Wallahi ko 'yata ban yi wa hidimar da na yi musu ba: ruwa safe da yamma, taki, har magana nake yi musu. Suka haye rumfar suka rufe ta ruf. Maƙwabciyata Ladidi ta leƙo sau ɗaya ta ce, "Wake kika shuka?" Na ɗaure fuska na ce fure ne. Maigidan kuwa sammako yake yi ya dawo bayan magariba, kuma mutum ne da ko rimi ka dasa masa a falo kewayewa zai yi ya wuce.

Furanni suka zo suka tafi, sai ga 'ya'ya kamar kwanson wake, lulluɓe da gashi ruwan zinariya mai ƙyalli kamar karammiski. Na hana kaina taɓa su, wai sai Inna ta zo.

Ran da ta iso, maigidan ya sauke ta ya koma ɗauko sauran kaya. Na durƙusa na gaishe ta, na kama hannunta har ƙarƙashin rumfar. Ta zauna, ta ɗaga kai.

"Akwai inuwa," ta ce a hankali. "Me kika shuka, 'yar birni?"

"Na daji ne, Inna, irin na gida. Don ke na shuka. Ki ji laushin 'ya'yansa."

Na miƙe na jawo reshe, na tsinko guda, na goga a kuncina don in nuna laushin, har da lumshe ido.

"Gashi gare shi?" ta tambaya. "Furensa shunayya?"

"Ƙwarai kuwa, Inna."

"Yar da shi! Karara ce!"

Ai kafin ta rufe baki wuta ta kama fuskata. Na sosa, ta koma wuya. Na sosa wuya, ta gangara baya, ashe da na jawo reshen gashin ya zubo mini cikin riga. Ni da ko abinci ba na iya ci a gaban surukata don kunya, sai ga ni na jefar da ɗankwali ina tsalle, ina goga bayana a bango kamar akuya. Daidai nan matan unguwa suka yi sallama, sun zo yi wa Inna barka da zuwa. Ladidi ce a gaba. Ta dube ni, ta dubi rumfar, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Karara kike ba ruwa safe da yamma?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Raina ya ce shi ke nan, tsohuwar nan ko kwana ba za ta yi ba. Sai na ji wani sauti a bayana. Inna ce, an janye ta gefe, tana dariya har da riƙe ciki, hawaye na bin kumatunta. Matan ma suka tsaya kallonta.

Ita ta hana ni watsa ruwa. Ta sa aka kawo manja, ta zaunar da ni a gabanta, tana laluben fuskata tana shafa mini da hannunta. "Sannu, 'yata," take cewa, dariyar tana sake ƙwace mata. Ban taɓa jin ta kira ni haka ba. Na yi kuka, kowa ya ɗauka ƙaiƙayin ne.

Washegari aka jiƙa yaɗon don kada gashin ya tashi, aka sare shi aka ƙone a bayan gari. Rumfa ta koma tsirara. Jikina a sanyaye na tambayi Inna ko tana son a mayar da ita gida.

"In tafi? Wa ya san abin da za ki shuka wa jikokina in na juya baya? A aika Yako a yanko mini lalle da zogale, a zo da irin soso."

Yanzu soso ne a kan rumfar, lallen ya wuce tsayina, Inna na gindinsa kullum. A unguwa kuwa har gobe sunana Mai Karara. Abin da na koya shi ne, duk kyan tsiro sai na tambayi sunansa kafin in kawo shi gida, in kuma laushinsa nake son ji, to ba da fuska ba.