Rasuwar Jimina, Mai Shafin Fata

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba ta saba nunawa ba, Manzo injiniyan rijiyoyi na Tahoua yana sanar da rasuwar motarsa ta daji, Jimina, wadda ta cika a kwarin Kalfu ranar da aka yi ruwan farko.

Marigayiyar ta zo hannunsa shekarar da ya dawo daga karatu a ƙasar waje, ya tarar sa'o'insa sun watse, ragowar kuma suna gaishe shi kamar baƙo. Ita ba ta taɓa tambayarsa me ya sa Hausarsa ta yi tsami ba. Da safe takan yi tari sau biyu, ta ce gir-gir-gir, su kama hanya. Hirarsu ke nan, kuma ta ishe shi.

Ta kai hatsin taimako Tebaram da Bambeye. Ta ɗauko mata da awakin da suka rage musu. Sojojin shinge sun san ƙararta, sukan ɗage sanda tun ba ta iso ba. Albarkacinta ake yi wa Manzo sallama.

Ciwon ajalinta ya faro daga gardabu, ƙarfen da ke rufe saman taya. Duwatsun Adar sun cinye na asali, wani maƙeri ya ƙera mata sababbi da ƙarfen ganga. Sai dai shafin ciki, wanda ke tare tsakuwa da rairayi kada su kai ga inji, ya ƙi zama a kan sabon ƙarfe, ramukan ƙusa ba su haɗu ba. Wani kuwa babu, har Yamai.

Abin da ya yi yawa a lokacin fari fata ce, don shanu sun mutu. Rissa baduku ya jiƙa fatar wani sa, ya ɗame ta a cikin gardabu, ya ɗaure da tsirkiya. Da ta bushe ta yi tauri kamar faranti.

"Wagga sai ta binne mu, Mushe," in ji Rissa, yana girmama Manzo da Faransanci.

Manzo ya ƙwanƙwasa, ya yarda. Cikinsu babu wanda ya tuna da ruwan sama. An daɗe ba a gan shi ba.

Ranar da ruwan ya sauko, fatar ta sha ta ƙoshi, ta saki. Tayar hagu ta naɗe ta, ta fizge bututun birki a kan gangara. Manzo ya yi tsalle ya fita. Jimina ta gangara cikin kwari, ruwa ya shige mata hanci. Ta yi tari sau ɗaya. A bakin gaɓa mutanen Kalfu suna ta guɗa, sun ɗaga fuska sama, kuma suna da gaskiya.

Ta bar tayoyi huɗu, waɗanda masu yanka takalmi suka riga suka zo dubawa, da batir, da kujerar gaba ta dama wadda ba a cika zama a kanta ba. Ta bar Manzo. Gwaggonsa Salamatu ta aiko a gaya masa, "To, yanzu sai ka koyi gaida mutane da ƙafa."

Za a jawo gawar da raƙuma idan ruwan kwari ya janye, a ajiye ta ƙarƙashin aduwa a bayan gidansa. Ana karɓar gaisuwa bayan la'asar. Kowa yana gona yana shuka, Manzo ya san da haka. Duk da haka ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗora shayi, ya wanke kofi biyu.