Motar Kotone a Rumfar Lemu

"Ina kwana, Jiji. Ashe ka kai safiya?"

"Na kai, sai dai ki yi haƙuri. Ita gawar taki fa, ta motsa?"

Kotone ba ta ɗago kai daga cikin injin ba. Tun damina ta sayo motar a hannun wata dattijuwa a garin Uwajima na ƙasar Japan, 'yar ƙaramar mota shuɗiya wadda ta girmi uwar Kotone, ta ajiye ta a rumfar da kakanta Genzo, wanda take kira Jiji, yake tara lemu. Duk ranar hutu nan take wuni. Ta sauya birki da tayoyi, ta wanke tankin mai, ta kankare tsatsa har farcenta ya ƙare. Yanzu lemu ya nuna, gobe masu tsinka za su zo, kawunta kuma ya rantse in motar ba ta fita daga rumfar da ƙafarta yau ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai fitar da ita.

"Gawa?" in ji ta. "Kai da ita wa ya fi tari da safe?"

"Ni in na yi tarina tashi nake yi. Ita fa?"

Tsohon ya jawo akwatin lemu ya zauna, ya ɗora kofin koren shayinsa a kan motar.

"Ɗauke mini kofinka, fenti sabo ne."

"Ai ta samu aikin yi ke nan, tebur. Ko ɓeraye sun guje ta. Jiya na ga uwarsu ɗauke da 'ya'yanta, tana cewa gidan ya yi tsufa."

"Ɗakinka suka koma. Sun ji labarin wani tsoho mai ɓoye alewa a ƙarƙashin matashi."

"Sharri! Magani ne."

"Maganin da ya cinye maka haƙora?"

"Ke dai ki ji da asararki. Matar da ta sayar miki tana can tana rawa. An ce har haikali ta je godiya, wai ta rabu da ƙaya."

"Kuka ta yi da zan tafi da ita. Kai kuwa ranar da za mu sayar da kai, kyauta za mu bayar, mu haɗa wa mutum da buhun shinkafa."

"Wa zai iya sayena? Ni da 'yan matan garin nan suke layi a bakin gona!"

"Lemu suke zuwa saye, Jiji."

Ta rufe bonet, ta goge hannu a wando, ta shiga ta murɗa makulli. Injin ya yi ƙir-ƙir, ya yi shiru. Ta sake. Wannan karon ko ƙir ɗin bai cika ba, batir ya gaji. Kotone ta kifa goshi a sitiyari, idanunta suka kawo ruwa.

Genzo ya dube ta, ya dubi motar. Ya sauke kofinsa ƙasa.

"To, tunda ba ta da kunya, a tura ta."

"Wa zai tura? Kai?"

"Ni da na taɓa tura jirgin kamun kifi ni kaɗai daga tudu zuwa teku?"

"Bara ka ce ku uku ne."

"Sauran kallo suka yi. Sa giya ta biyu, ki taka kulochi, kada ki saki sai na yi ihu."

"In bayanka ya riƙe, babu ruwana."

Ya zare katakon da ya tokare tayar, ya kafa kafaɗa a bayan motar yana zaginta har da kakanninta. Ta motsa. Ta fito daga rumfa, hanci ya kalli gangaren gona, sai ta fara gudu da kanta tsakanin itatuwan lemu.

"Saki! Saki mana!"

Kotone ta saki. Motar ta zabura, ta yi atishawa, ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, sai inji ya kama. Ya kama sosai, yana ruri. Ta taka birki a bakin kwana, ya riƙe cak. Ihun da ta yi, har karen maƙwabta ya amsa.

Da ta juyo da motar ta hau tudun, ta tarar da kakanta tsaye cikin baƙin hayaƙi, takalmi ɗaya a ƙafa, yana tari yana dariya.

"Kin gani? Ni na tashe ta!"

"Kai? Wata da watanni ina gyara!"

"Gyara daban, albarkar hannu daban. Buɗe mini ƙofa."

"Ba ka tsoron gawa?"

"Wace gawa? Kada in ƙara jin kin zagi motarmu."

"Motarmu?"

Ya shiga ya baje a kujera, yana shafa ta kamar mage. Kotone ta ce to, motar ta fita da ƙafarta, sai dai ba ta san inda motar za ta kwana ba.

"Ta koma rumfarta. Lemu ba ya tsatsa, a jera shi a tsakar gida a rufa masa tamfol. Kawunki ya zo ya same ni." Ya gyara hularsa. "Ja mu je kasuwa."

"Hukuma ba ta duba ta ba tukuna, ko lamba ba ta da ita. 'Yan sanda su kama mu?"

"To zagaya gona. Bi ta gefen katangar Tokuji, a hankali. Tun muna makaranta yake yi mini gorin keke."

Suka gangara. Tsoho Tokuji yana baranda yana shanya tufafi, ya saki baki.

"Danna masa ham," in ji Genzo.

"Ham ɗin ba ya aiki, Jiji."

Tsohon ya zuro kai ta taga, ya cika ƙirji da iska.

"Fiiiim!"