Likita ko Dokta, da Gonar Babana a Dosara

Jama'a, yau ma na dawo daga ofishin masu ba da tallafin karatu, takalmi ya cinye, ciki ba komai. Ranka-ya-daɗe Mai Sa Hannu ya tafi rangadi. Masinja ya ce kuɗin suna kan hanya. Na leƙa hanyar, ban ga komai ba sai sababbin motoci jere a inuwa. Allah ya ƙara wa manya lafiya, ai dole su sami abin hawa su tarbo mana kuɗin.

Ga abin da ya kai ni. Ni malamin kimiyya ne a nan Talata Mafara, mai digiri ɗaya da keke ɗaya. Jami'a ta ba ni zaɓi: in koma in karanta likitanci, ko in zarce in yi digirin dokta a kan ƙasar noma. Gurbin kuwa ba zai jira ni ba.

Lantana, uwargidana, likita take so, don ta ji ana ba su gida mai famfo. Ta manta ko ragon layya maƙwabci nake kira ya yanka, ni ina bayan ɗaki. Ni dokta nake so: ba jini, ba mai buga maka ƙofa kana cin tuwo. Sai dai albashin ba ya sayen mota. Na auna, na sake aunawa, har na zaɓi launin motar da ba ni da ita.

Ko wanne na ɗauka, sai da bashi. Sai na tuna gonar babana, Allah ya jiƙansa, a Dosara. Na sami Baba Falalu, dattijon unguwarmu mai karɓar jingina.

"Baba, gona zan jinginar maka, ka noma har in gama karatu in fanshi abata."

Ya ce, "Madalla, ɗana. Amma ni ban amsar jingina sai mun taka iyaka da ƙahwa, da shedu. Yaushe rabonka da ita?"

Tun da na fara saƙala biro a aljihu ban leƙa ta ba. Ai da za a gina dam a yankinmu, manya sun rantse ruwansa ba zai kai wajenmu ba, ni kuwa mutum ne mai ladabi.

Muka je da shedunmu. Hanya ta ƙare, ruwa ya fara. Wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale har inda kan tsamiyarmu ya leƙo, wadda babana yake rataye gorarsa.

Baba Falalu ya duba ƙasa ya ce, "Tau, ga shedu, ga mai gona. Wa za ya hwara takawa?"

Na yi dariya, amma wallahi zuciyata ta karye. Ina can ina zaɓen rayuwa, abin da aka bar mini ya nutse ban sani ba. Ƙasar da zan yi dokta a kanta ma kifi ke kiwo a kai.

Jingina ta rushe, shi ya sa nake sintiri a ofishin tallafi. An ce za a biya diyya da zarar ma'auna sun zo sun auna gonar. Don Allah wanda ya riga ni ganin Ranka-ya-daɗe, ya roƙar mini shi ya turo wanda ya iya iyo.