Ranar da Kwamfutata Ta Ruɓar da Albasar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na so in burge Alhaji Manu, dillalin albasa a Aliero, wanda nake neman 'yarsa Hajara. Lokacin na dawo daga koyon kwamfuta, kaina ya kumbura, ina ganin babu kamata daga Jega har Maiyama.

Na rubuta wata 'yar manhaja. Aikinta ɗaya ne: ta ƙirga ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, ta faɗi launin da ya fi yawa. In ja ne, ta rubuta "albasa lafiyayya". In baƙi ne, ta rubuta "ta ruɓe". (Na gwada ta a kan hotuna biyu kacal, amma a ganina na gama da duniya.)

Na tura mai hoto ya ɗauko mini hoton tarin albasar Alhaji. Na manta cewa a wurinmu ba a ɗaukar hoton kaya mai kaya yana gefe. Alhaji ya shiga gida ya saɓo babbar rigarsa, shuɗiya mai duhu har ta kusa baƙi, ya tsaya a gaban tarin ya baza hannuwa.

Ranar kasuwar Jega ya iso shagon da nake aiki tare da abokansa biyu, masu sayen albasarsa. Ya miƙo hoton da mai hoto ya ba shi a ambulan, ni kuwa saboda rawar kai ban ko dube shi ba na sa a na'ura.

Kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta rubuta da manyan baƙaƙe: TA RUƁE.

Alhaji ya ce, "Mi tac ce?"

Na ce, "Baba, wai... baƙi ya ɗan yi yawa."

Wani daga cikin abokan ya karanta da ƙarfi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na sallama Hajara a zuciyata.

Alhaji ya dubi hoton, ya dubi rigarsa, ya ce, "Yaro, na'urag ga taka riga tag gani, ba albasa ba. Ashe ni ar ruɓaɓɓen."

Ya ba ni Hajara duk da haka. Amma ranar ɗaurin aure da aka kira shi hoto, sai ya ce, "Ba ni shiga, kada a ce ango ya ruɓe."

Tun daga nan, kafin in tambayi abin da ya fi yawa a hoto, sai na fara duba wanda ya tare gaba.