Madabod Mai Shiga Akwatin Shu'ibu

Shu'ibu mai haɗa bidiyon biki ya tafka abin kunya da safiyar Talata, kuma da babban yatsansa ya tafka shi. Tsohuwar kwamfutarsa ta fara sumewa a tsakiyar aiki, shi ne ya yo sautun sabuwar firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, daga Kano. Ya ɗora ta a mazaunin tsohuwar firosesar, ta ƙi zama. Ya juya ta, ta ƙi. Sai ya yi mata abin da yake yi wa murfin jarka in ya yi gardama, ya danna. Da ya ɗaga, siraran alluran mazaunin duk sun kwanta gefe guda kamar shinkafar da ruwa ya bi ta kai.

Ga bidiyon bikin Nuriyya a cikin injin bai ƙarasa ba. Kakar amarya tana Kirikasamma, ruwa ya yanke hanya ba ta samu zuwa biki ba, kuma ranar Juma'a amarya za ta shiga kwalekwale ta kai mata ta gani. Gidan kuwa gidan 'yan mata ne. In ya kunyata su a wannan, sauran bukukuwan wani mai kyamara a Jahun zai ci.

Duk Hadejia hannun mutum ɗaya ya yarda da shi, kuma shi ne wanda ba ya son zuwa wurinsa, wato Fannami mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Shu'ibu Bafillace ne, Fannami Babarbare, tun kaka da kakanni ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Haka ya kwance madabod ɗin, wato allon da mazaunin yake a jikinsa, ya jefa a leda tare da firosesar, ya hau babur.

"Lafiya lau, bawana, ya shanun?" in ji Fannami tun kafin ya kashe babur. "Yau ba a kai ka kiwo ba?"

"Tashi ka shimfiɗa wa ubangidanka tabarma, ɗan Barno. Aiki na kawo maka don ka samu na burabusko."

Fannami ya zazzage ledar a tebur, ya kai madabod ɗin kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Wace saniya ce ta taka wannan?"

"Haka kawai na gan shi."

"Haka kawai. Ga sawun yatsa nan har da man shanu. Shu'ibu, danna ta ka yi?"

"Na ɗan taimaka mata ne ta zauna."

"Allah ya jiƙan madabod, ya yi shahada a hannun Fulani. Ko ba ka danna ba ai ba za ta zauna ba. Kowace firosesa da irin mazauninta, wannan ta bana ce, allonka kuwa tun kana da gashi aka ƙera shi. Da ka tambaye ni kafin ka yi sautu."

"In tambayi Babarbare? Ku da ba ku san gabas ba sai kun ga inda muka kora shanu? Fito da sababbi in zaɓa."

Fannami ya sauko da kwalaye, ya jera waɗanda mazauninsu ya dace da firosesar. Shu'ibu ko kallon ƙananan bai yi ba. Ya ɗauki mafi girma, mai baƙaƙen ƙarafa da fitilu a gefe, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya juya shi ya duba bayansa, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Buɗe bakinsa ka ga haƙoran mana," in ji Fannami. "Ka taɓa tozon. Kasuwar Maigatari ka zo?"

"Abu in yana da ƙiba yana da lafiya. Wannan nake so."

"Madalla. Bajimi ka zaɓa."

"Ai ido ne. Ku kifin banda kawai kuka iya zaɓe, shi ma da hanci."

"Na yarda. To a wane akwatin kwamfuta za mu sa shi?"

"Akwatina mana."

"Wanne? Ɗan ƙaramin nan da ka zo ka saya kana sharɓar kuka, shekarar da ruwa ya shiga shagonka har gwiwa? Wanda kafinta ya yi wa kanta can ƙarƙashin silin?"

Tun waccan ambaliyar babu mai injin kirki a unguwar su Shu'ibu da ke ajiye shi ƙasa. Kantarsa siririya ce, a jikin bango, sai ya taka kujera yake kunna kwamfutar. Ya dubi faɗin allon da ke hannunsa, ya tuna faɗin akwatin, ya ga ko rabi da rabi ba su haɗu ba.

"Sai in sayi babban akwati."

"Ka ɗora a ina?"

"A ƙasa. Na kwana biyu ne."

"A ƙasa, a watan nan? Jiya na wuce ta unguwarku ana jera buhunan yashi. In kogi ya leƙo, tarwaɗa ce za ta riga kakar amarya kallon biki."

"Bakinka ya sari dutse, mugun bawa. To a ƙara wa kantar faɗi."

"Nemo kafinta ya zo kafin Juma'a. Duk suna can suna toshe kwalekwale."

Shu'ibu ya ajiye bajiminsa a hankali, kamar wanda aka ƙwace wa amarya. Fannami ya tura masa wani ɗan mitsitsi da bai fi faifai ba.

"Wannan ɗan akuyar?"

"Shi. Mazauninsa na firosesarka ne, yana karɓar ram ɗinka na da, wato memorin injin, ba sai ka sake wani ba, kuma zai shige akwatinka ya hau kanta ya kwana lafiya. Girman wancan ramukan kati ne da ba ka da abin sa musu."

"Zai iya ɗaukar biki guda? Har da rawar 'yan Kaugama?"

"Har da kai da kake leƙowa ta madubin amarya kana cin kaza."

"To naɗe mini."

"A'a. Shi kaɗai ya rage a shagon nan, kuma na ajiye wa ubangida ne. Ba na ba bayi."

"Fannami, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. Faɗi waye ubangidan wani, in ɗaura maka yanzu."

Mai shayi da ke gefe ya rage rediyo. Masu gyaran waya biyu suka leƙo. Shu'ibu ya dubi hanya, ya dubi ɗan allon, ya tuna tsohuwa a Kirikasamma tana jiran ganin jikarta cikin lalle. Ya yi gyaran murya, ya yi magana can cikin gemu.

"Ba mu ji ba," in ji mai shayi.

"Na ce ranka ya daɗe, Barebari ne a gaba. Na yau kaɗai." Dariya ta ƙwace masa. "Gobe za a kawo maka ƙwaryar kindirmo, ka sha ka ji abin da kakanninka suka rasa."

"Da fura. Je ka ɗauko akwatin."

Shu'ibu ya hau babur, ya buga, sannan ya waiwayo.

"Amma tsakani da Allah, in an sa wannan, komai zai yi sauri?"

"Injin dai kafin la'asar zai tashi da gudu," in ji Fannami yana ɓare kwalin. "Mai injin ne ba ni da yadda zan yi da shi. Irin allon da ke kanka an daɗe da daina kawowa."