Rimot ɗin Asama'u da Get ɗin Maƙwabta

Malam Sanda yana da shekara sittin da bakwai. Talatin daga ciki ya yi su yana ba da hayar fitilun biki a Agege, kuma ba a taɓa cewa dandalinsa ya yi duhu ba. Ranar Asabar da la'asar yana gwada fitilu a harabar da za a yi kamun 'yar shugaban mahauta, sai ga jikarsa Asama'u.

"Sannu da aiki, mijin da gwiwa ta fi ƙarfinsa."

"Yawwa, amaryar da ba ta iya dama koko ba. Me kika ƙunso?"

Rimot ne. Ta ce ita ta saya, ta sa aka haɗa shi da akwatin wuta tun da safe, don ya daina jan ƙafa tsakanin janareta da dandali. Daga kujera zai danna, ja da kore su kama. Ya ce waya in ta tsinke ya san inda zai ɗaure, iska fa? Ta ce haka ya faɗa bara da salula ta shigo Legas.

"Ni na haskaka bikin uwarki."

"Shi ya sa ba a ganin kowa a hotunan."

Ta danna, fitilu suka kama. Tana cikin yi masa gwalo suka mutu. Ta sake dannawa, suka kama, suka kuma mutuwa, yatsanta bai taɓa komai ba.

Sai ga Abdou, maigadin gidan da ke maƙwabtaka, mutumin Maraɗi, yana gumi. Ya ce get ɗinsu yana ta buɗe kansa, yana rufewa yana sake buɗewa. Ya zaro rimot daga aljihu: iri ɗaya da nata sak; ashe kowanne aka danna, get da fitilu duka suke amsawa. Ya ƙara da cewa oga yana da baƙi yau, motoci za su yi ta shiga da fita.

Sanda ya ce, "To amarya, baƙin oga ne za su tsaya a titi, ko 'yar mutane za a fito da ita cikin duhu?"

Asama'u ta kalli rimot ɗin, ta kalli gwiwar kakanta, ta yi dariya a gajiye.

"Ka ci, tsoho. Ina tsani? Amma yau ni ce ƙafarka, kai dai nuna da sanda."

Ta hau ta mayar da wayoyin, shi yana riƙe da tsani yana kushe ɗaurinta. Da ta sauko, ya cire batirin rimot ɗin, ya miƙa wa Abdou, ya ce ya ajiye saboda wata rana.